Filin Tsofaffin Motoci: fitila, fis da wayarin, ku tambaya mu amsa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan wuta suke, fitila ce, caji ne, fis ne, sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya tunda ciwon nasu ɗan gida ɗaya ne. Na ɗan rage tsawon wasu tambayoyin, masu su a yi min haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Mercedes 230E ta 1982, ta daɗe a ajiye an lulluɓe ta da tamfol, yanzu ni na ɗauki nauyin tada ta, inji ya tashi lafiya lau amma fitilun gaba wallahi kamar aci-balbal, jaja-jaja haka, da daddare sai na kusa cin karo da abu nake ganinsa. Mai wayarin da na kai wa yace wayoyin sun mutu gaba ɗaya, a fige su a zuba sababbi a sa ƙwai mai wat 100 ko LED. Ni kuma hankalina bai kwanta ba don ina so ta zauna yadda Baba ya bar ta. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Kada ka bari a fige wayar nan tukuna, don Allah. Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya mutuwa haka kawai don ya tsufa, abin da ke lalacewa shi ne bakin waya, inda ta haɗu da fis, inda ta shiga makunni, inda aka ɗaure ta a jikin bodi, nan ne damshi ke shiga tsatsa ta zauna, wutar kuma tana zubewa kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa har ta isa ƙwai a gajiye. Kuma shi ƙwan fitila ba ya yafiya, in wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100 haskensa zai ragu da kusan kashi 30, shi ya sa kake ganin ja maimakon fari.

Ka nemi mita ka auna da kanka, ba wuya. Ka tada inji ka kunna fitila, ka fara auna kan batir, ya kamata ka ga bolt 13.8 zuwa 14.4 in caji na tafiya daidai. Sai ka ɗora jan tsinken mita a kan fositib na batir, baƙin kuma ka taɓa ƙafar ƙwai da ke kawo wuta, ƙwan yana kunne a soket ɗinsa fa, kada ka cire. Lambar da mita ta nuna ita ce wutar da ta ɓace a hanya, in ta wuce rabin bolt akwai matsala, kuma a motar da ta daɗe a ajiye ba abin mamaki ba ne ka ga ɗaya da rabi ko biyu. Ka sake yin haka tsakanin ƙafar at ta ƙwan da negatib na batir, at ɗin ita ce wayar da ke maida wuta jikin bodi, nan kam ya kamata lambar ta tsaya kusa da sifiri, kada ta wuce 0.2.

A irin motarka wurin da zan fara buɗewa shi ne akwatin fis da ke cikin bonet. Fis ɗinta irin na da ne mai kan tsini gaba da baya, da siririn ƙarfe kwance a bayansa, kuma launi ne ke gaya maka ƙarfinsa, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25, rawaya 5. Ka ciro ɗaya ka kalli tsininsa a rana, za ka ga wani farin gari ko kore-kore ya kama shi, wani lokaci ma ƙarfen ya cinye ya yi rami alhali fis ɗin bai ƙone ba, ido na ganinsa lafiya amma wuta da ƙyar take ratsawa. Ka cire kan batir, ka canza su duka, in ka samu masu jan ƙarfe sun fi masu alminiyom daɗewa, ka goge maƙalan da sanfefa mai laushi har su yi sheƙi sannan ka ɗan matso su don su riƙe fis da ƙarfi. Daga nan ka bi wayoyi masu ruwan ƙasa, a motocin Jamus su ne at, duk inda ka ga an tara su an ɗaure da noti a bodi ka kwance, ka kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, ka maida ka matse ka shafa giris kaɗan a sama. Na sha ganin fitilar da aka yanke wa ƙauna ta dawo fari tas da wannan aikin kaɗai.

In ka yi duk wannan har yanzu asarar na da yawa, toh makunnin ne ya gaji, maganinsa rile guda biyu, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke ja ya saki babba, ɗaya na dim ɗaya na ful. A jikin rile akwai lambobi, 30 ita ke zuwa batir ta cikin fis mai amfiya 15 ko 20 wanda za ka sa kusa da batir sosai, 87 ta tafi ƙwayaye da waya mai kauri kamar sukwaya milimita 2.5, 86 ka haɗa ta da tsohuwar wayar da ke zuwa daga makunni, 85 kuma at. Kowane rile da nasa fis, saboda in ɗaya ya ƙone kana cikin gudu kada duhu ya rufe ka gaba ɗaya. Kaga yanzu tsohon makunni ba ya ɗaukar nauyin amfiya 9 ko 10 na ƙwayaye biyu, ɗan abin da zai ja rile kawai yake bayarwa, kuma ba ka yanke komai ba, ranar da ka so za ka iya cirewa motar ta koma yadda take.

Maganar wat 100 ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ƙwan da aka yi wa fitilar shi ne H4 mai wat 60 da 55, mai wat 100 zai ja sama da amfiya 8 shi kaɗai, ya narka soket ya dafa makunni ya ƙona madubin cikin fitilar. LED kuma haskensa ba daga inda zaren ƙwai yake tsayawa yake fitowa daidai ba, sai madubin ya watsa shi ko'ina, kai ka ga gabanka fari kal amma nesa babu, mai tahowa kuma ka kashe masa ido. Tunda na ambaci madubi, ka leƙa ka gani, in ya dushe ya zama toka-toka ko ya fara ɓarewa ba ƙwan da zai cece shi, sai a sake masa rufi ko a nemo wani. Kada ka sa tsumma ka ce za ka goge, rufin nan siriri ne ƙwarai, shafa ɗaya ya tafi. Gilashin gaba shi kam ka wanke cikinsa da ruwa da sabulu ya bushe sarai. Kuma kada ka kama gilashin ƙwan halojin, irin H4 ɗin nan, da yatsa, maiƙon hannu na sa shi saurin mutuwa. In ka gama ka tsayar da motar mita 10 daga bango a wuri mai lebur, layin hasken dim ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni mace ce kuma ni nake jan Peugeot 504 ɗina, abin da ke bani mamaki in na taka birki na sa sigina sai fitilun baya su rikice, wannan na ƙiftawa wancan na dushewa, har ƙaramar fitilar gaba takan ɗan kawo alhali ban kunna ba. An canza min ƙwai sau biyu ba canji.

AMSA: Ƙanwata barka kadai, ki kwantar da hankalinki wannan ƙaramin aiki ne, at ɗin gidan fitilar baya ne ya saki. Duk ƙwayayen da ke cikin gidan hanya ɗaya suke bi su koma bodi, in hanyar ta toshe da tsatsa sai wutar birki ta rasa mafita ta bi ta cikin zaren wani ƙwan tana neman at, ta haka take kaiwa har gaba. Ki gwada da kanki, ki samu guntuwar waya ki taɓa bakinta ɗaya a ƙarfen da ke riƙe ƙwayayen, ɗayan kuma a wani noti mai tsabta a cikin but, wani ya taka miki birki, in komai ya daidaita nan take kin kama ɓarawon, sai a ɗaure wayar dindindin. Ki kuma duba ƙwan birkin da aka sa miki, in irin mai zare biyu ne wato wat 21 da 5, ƙusoshin gindinsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa don kada ya shiga a juye, wasu kan danna shi da ƙarfi ko su cusa mai zare ɗaya a ramin mai biyu, wannan ma yana haɗa birki da fakin wuri ɗaya. Sannan robar da ke zagaye gidan fitilar in ta bushe ta tsage a canza ta, ta nan ruwa ke shiga, in ba haka ba damina ɗaya za ki dawo kan magana.

TAMBAYA: Malam na canza duk ƙananan ƙwayayen motata zuwa LED har na dashbod, tun daga ranar sigina ta daina ƙiftawa sai ta tsaya cak a kunne, kuma batir ya fara sauka. Ko LED ɗin ne na banza?

AMSA: Ɗan'uwa LED ɗinka ƙalau yake, motar ce ba ta san shi ba. Tsohon abin ƙifta sigina zafi ne ke tafiyar da shi, akwai wani siririn ƙarfe a ciki da wutar ƙwayaye biyu masu wat 21 ke ɗumamawa, ya lanƙwashe ya katse, ya huce ya koma, wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji ke nan. LED ɗan mitsitsin wuta yake ja, ƙarfen ba ya ɗumi balle ya motsa. Ka sayi filasha ta lantarki wadda aka rubuta ta LED ce, ka lura da yawan ƙafafunta su yi daidai da na tsohuwar. Wasu na sa resista mai om 6 a kowane gefe, yana aiki amma zafi yake yi sosai kuma ya cinye wutar da ka ce kana tattali, ni filashar na fi so. In ƙwai ɗaya ne a dashbod ke nuna hagu da dama za ka iya ganin duka huɗun na ƙiftawa tare, nan sai an sa dayod biyu, abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai ba ta komawa.

Batir kuma, ka maida tsohon ƙwan jar fitilar caji yau ɗin nan. A motoci da yawa na wancan zamani ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta shiga altaneta ta tashe shi ya fara caji, LED ba ya barin isasshiya ta wuce, sai altaneta ya yi shiru ko ya ƙi kamawa har sai ka ba da totur sosai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na sayi Land Rover ta 1964 mai fetur ina gyara ta a hankali. Na sa mata rediyo ina kunnawa sai hayaƙi, da na duba sai na ga fositib ne a ɗaure a jikin shasi, na zaci wanda ya sayar min ne ya yi kuskure. In juya batir ɗin kawai?

AMSA: Tare da naka ɗan'uwa. Ba kuskure aka yi ba, haka ta fito daga kamfani, motocin Ingila da yawa fositib ne a bodi har tsakiyar shekarun 1960, ita Land Rover a 1967 ta koma negatib. Rediyon zamani kuwa jikinsa negatib ne shi ya sa ya ƙone. Juyawa abu ne mai yiwuwa kuma ina goyon baya in za ka riƙa hawanta kullum, amma ba batir kaɗai ake juyawa ba. Ƙwayaye da sitata ba ruwansu, duk yadda ka ba su za su karɓa. Ƙananan wayoyi biyu na kwayil sai ka musanya su, na bayan mitar amfiya ma haka in ba haka ba za ta riƙa nuna maka caji a juye, sannan babban aikin shi ne dainamo, wato abin caji na da kafin altaneta, don yana riƙe ɗan maganaɗisu a cikinsa wanda ya saba da tsohuwar hanya. Bayan ka juya batir kafin ka tada inji, ka cire wayoyi biyu na bayan dainamon, wanda ƙirar kamfanin Lucas ne, ka jawo waya daga fositib na batir ka ɗan taɓa ƙaramar ƙafa mai alamar F sau biyu ko uku, za ka ga ɗan tartsatsi, shi ke nan ka maida wayoyin. In ka tsallake wannan kana iya ƙona akwatin da ke daidaita caji. Ka sani kuma dainamon irin wannan amfiya 22 ne ƙarshen ƙoƙarinsa kuma a silo kusan ba ya caji, in kana da niyyar ƙara fitilu gara ka koma altaneta ka adana dainamon a kwali.

Abu biyu zan roƙe ka ka riƙe. Na farko launi, a sama na ce wa mai Mercedes ruwan ƙasa at ne, toh a motarka ruwan ƙasa ita ce wayar da ke ɗauke da wuta kai tsaye daga batir dare da rana kuma ba fis a gabanta, baƙa ce at. Na taɓa tsayawa kan wata motar Ingila da wani ya saba da na Jamus ya ɗaure ruwan ƙasa a bodi, ana ɗora kan batir damin wayar da ke bayan dashbod ya narke ya manne kamar an dafa shi, warin robar ya kwana biyu a cikin motar, mai ita yana tsaye yana kallo idonsa ya kawo ruwa don shekara ya yi yana neman kayanta ɗaya bayan ɗaya. Na biyu fis ɗin gilashi na Lucas da aka rubuta 35, wannan lambar inda yake ƙonewa ce, abin da yake ɗauka yau da kullum 17 ne, in ka sa na zamani mai 35 a wurinsa waya za ta riga fis ƙonewa. Naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fis kuwa ko da wasa kada ka bari a yi maka.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Volkswagen Beetle ta 1965 nake da ita mai bolt 6, da safe da ƙyar take juya inji, abokaina sun ce in maida ta 12 in huta.

AMSA: Ina amsawa ɗana. Za ka iya, kamfanin ma da kansa ya fara komawa 12 daga ƙirar 1967, amma ka fara ba 6 ɗin haƙƙinta ka gani. Lissafin mai sauƙi ne, ƙwai mai wat iri ɗaya a bolt 6 yana jan ninki biyu na amfiyar da zai ja a 12, kuma rabin bolt in ya ɓace daga cikin 6 ya fi ciwo nesa ba kusa ba, saboda haka tsatsar da mota mai 12 za ta haƙura da ita ita wannan kwantar da ita take yi. Ka shiga ƙarƙashi ka nemo saƙaƙƙiyar wayar at da ke haɗa giyabos da bodi, yawanci za ka same ta ta yi kore ta fara tsinkewa, ka canza ta, ka canza ta batir ma, kuma kada ka yarda a sa maka siraran kebul na mota mai 12. Cikakken batir ya nuna 6.3, inji na aiki ya haura 7. Tunda batir ɗin a ƙarƙashin kujerar baya yake, ka tabbata murfin kansa na nan, don in mai nauyi ya zauna ƙarafan kujera kan sauko su taɓa kawunan batir, motoci sun ƙone ta haka.

In duk da haka ka ƙudura komawa 12, wayoyinka za su ɗauka tunda masu kauri ne, amma ƙwayaye duka da kwayil da filasha da dainamo da abin daidaita cajinsa da cok na kafireto sai an canza, injin waifa kuma sai an rage masa wuta ko an canza cikinsa. Sitatar 6 na jure 12 in ba ka daɗe kana murzawa, kuma barinta ya fi sauƙi, saboda fulawil na mai 6 haƙora 109 gare shi na mai 12 kuma 130, sabuwar sitata ba za ta ciji tsohon ba.

TAMBAYA: Malam in na ajiye motata kwana uku batir ya mutu, kuma sabo ne.

AMSA: Wani abu ne ke sha a ɓoye. Ka kashe komai ka rufe ƙofofi, ka cire negatib ka sa mita tsakaninsa da kan batir a ma'aunin amfiya 10, tsohuwar mota da ba kwamfuta ya kamata ka ga kusan sifiri ban da ɗan abin agogo. Ka riƙa cire fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Yawanci fitilar cikin but ce ko rediyon da aka haɗa kai tsaye, in ka cire duka ba ta faɗi ba ka zare wayoyin altaneta, dayod ɗinsa ne ya huje.

TAMBAYA: Yaya na gama sake wayarin motata da hannuna, wata huɗu ina yi, yanzu tsoron ɗora batir nake.

AMSA: Sannu da ƙoƙari ƙanena, Allah ya sa albarka. Kafin komai ka bi duk ramin da waya ta ratsa ƙarfe ka tabbata akwai robar kariya, ka kuma ja kowane baki da hannu ka ji bai zare ba, inda ka murɗa waya biyu ka naɗe da salatif kawai ka koma ka matse da kan waya ko ka sa dalma. Sai ka haɗa fositib, negatib kuma kada ka ɗora shi kai tsaye, ka sa tsohon ƙwan fitilar gaba a tsakaninsa da kan batir ta yadda duk wutar motar sai ta bi ta cikin ƙwan. In komai a kashe yake ƙwan ya kama fari tas, akwai waya mai taɓa bodi, kuma ba abin da zai ƙone don ƙwan ya tare, ka cire fis ɗaya-ɗaya har ya mutu. In bai kama ba ka kunna ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, fakin, fitilar ciki, birki, zai ɗan yi ja kaɗan wannan daidai ne. Sitata kawai kada ka taɓa sai ka cire ƙwan ka ɗaure negatib ɗin sosai, kuma ranar farko ka bar notinsa yadda sifana ɗaya za ta kwance shi, sifanar na kusa da hannunka.